Shafi Uku na Sinyo Armindu

Barokinya, birnin Bahiya
6 ga Rabi'ul Awwal, 1284

Zuwa ga Yaya Haruna, a Kashuwera.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya. Yaya ƙafar taka? Yaya Altine da ɗawainiyar gida? Ina gaida ɗana Muhammadu da matarsa, da jaririyar da har yau ba a ga dama an kawo mini na gani ba. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya hana gawayi bushewa.

Ka tambayi yadda aka yi sunana ya shiga takardar Turawa, har Muhammadu yake yawo da ita a kasuwa yana cewa ga baffansa. Dole ka yi mamaki, kai da ka san ni ina ɗan tsurut a cikin jirgin bayin da ya kawo mu, ina kuka kana ba ni ragowar ruwanka. Ga yadda abin yake.

Akwai wani Bature a nan, Doto Faustinu, siriri mai yawan tari, yana buga mujalla wata-wata domin maharba da masu sha'awar bindiga. Shafi takwas ce. Shekara biyu da suka wuce ya kawo mini bindigarsa gyara, na duba na ce wanda ya sayar masa ya cuce shi, na nuna masa wurin. Maimakon ya ji haushi sai ya zauna a ƙofar maƙera har la'asar, yana tambaya yana rubutawa. Tun daga ranar, duk sabuwar bindigar da ta sauka ƙasan gari sai ya kawo na gwada, abin da na faɗa ya buga da sunana. Shi ya samo mini takardar izini wurin 'yan doka, ka kuwa san ba don ita ba ɗan Afirka irina ko albarushi bai isa ya taɓa ba. Rubutunsu ba na iya karantawa, Ibrahim wanzami maƙwabcina ke karanta mini, kuma ban taɓa kama Doto ya ƙara ko ya rage a maganata ba.

Gwajin ba wani sihiri ba ne. Nakan kai bindiga bakin teku, can gaba da barikin dawakai, wurin nan da ni da kai ba mu son ambata. In ɗaure ta a jikin gungume, in ɗura mata albarushi ninki biyu, in ja kunamar da doguwar igiya, har sau uku. In ta tsira sai in wanke ta, in bi ƙarfen da ƙaramar guduma tun daga baki har gindi ina saurare, domin ƙarfe mai tsaga ba ya iya ɓoye muryarsa. Daga nan sai in ɗora ta a kafaɗata in harba. Wadda ban ɗora a kafaɗata ba, ba na yabonta ko ta sarki ce.

Yanzu ga abin da ya ɗan sosa mini rai a wannan mako. Akwai Sinyo Armindu, mai babban kantin bindigogi a Komarsiyo, kusa da inda jirage ke sauke kaya. Tallansa kaɗai ya cinye shafi uku cikin takwas ɗin nan. Jirginsa ya kawo sababbin bindigogi, ya ɗauko ɗaya da hannunsa, naɗe cikin karan-miski, ya hawo tudu har maƙerata yana haki. Yaya, ba zan ɓoye maka ba, ban taɓa riƙe irinta ba. Ga sauƙi a hannu, ga ƙarfe mai tsabta, ta cinye gwajina duka. Amma na gaya masa wadda mai kaya ya zaɓo ba ita ce shaida ba, sai na shiga ɗakin ajiyarsa na ɗauko uku da kaina daga akwatin da na ga dama. Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba. Washegari ya aiko mini da cinyar alade da kwalbar giya, ka ji mutumin da ya san darajar Musulmi. Na mayar masa da kayansa. Doto ya tsaya mini, an yarda zan shiga ɗakin ajiyar ranar Talata.

Muhammadu ya aiko cewa tsohuwar bindigarsa ta gaji, yana son sabuwa. Ka ce masa kada ya yi gaggawa, ya jira har ya ga maganata a mujalla ta gaba. In ya ga na yaba, ya saya da ido rufe.

Allah ya ƙara maka lafiya. Ka rage yawan goro, haƙoranka uku suka rage.

Ƙaninka,
Yahaya maƙeri


Barokinya
3 ga Rabi'ul Sani, 1284

Yaya Haruna,

Sallama da gaisuwa, ina fata kuna lafiya kai da iyali. Ka yi haƙuri da gajeruwar gaisuwa.

Kada Muhammadu ya sayi bindigar Armindu. In ya riga ya saya, kada ya ɗura mata ko ƙwayar albarushi. Ka karɓe ta da hannunka, ka cire mata kunama, ka jefa ta rijiya in ka ga dama.

Uku na ɗauko daga akwatunansa. Ta farko ta tsage tun a harbi na biyu. Ta biyu ta tarwatse a na farko, gutsuren ƙarfe ya shige gungume har ba na iya zaro shi da awartaki. Ta ukun ta tsira daga igiya, amma da na bi ta da guduma sai na ji ta, na kankare baƙin fenti na tarar da tsaga mai tsawon yatsa, an cike ta da dalma an goge. Ban ɗora ko ɗaya a kafaɗata ba. Duk wannan a gaban Doto Faustinu aka yi, ya gani, ya rubuta a ɗan littafinsa, har ya ɗauki gutsuren ƙarfe ya sa aljihu.

Jiya Ibrahim ya dawo daga tafiya ya karanta mini mujallar, kwana huɗu bayan fitowarta. Yaya, wai ni Yahaya na ce ban taɓa riƙe bindiga irin ta Armindu ba, ga sauƙi a hannu, ga ƙarfe mai tsabta. Ba a ambaci ukun nan ba ko da kalma ɗaya. Na sa Ibrahim ya sake karantawa sau biyu, na ɗauka ya tsallake layi. Kuma na ji a bakin ruwa cewa akwati shida sun riga sun hau kogi zuwa Kashuwera.

Mai fataucin taban da ya saba kai maka takarduna sai mako mai zuwa zai tashi, ni kuwa ba zan iya jira ba. Na sami wani Bayarabe mai kwalekwale da zai tashi gobe da safe. Ya ƙi karɓar takarda a buɗe, ya ce 'yan doka suna binciken jirage kwanakin nan, wanda aka kama da rubutun ajami sai bulala. Amma ya ce in an ɗinke ta cikin fata kamar laya zai rataya cikin nasa, ba mai kulawa. Haka zan yi. Na gaya masa a hannunka zai sa ta, ba hannun kowa ba.

Ka aiko mini da amsa ko ta baki ce. Allah ya tsare.

Ƙaninka,
Yahaya


Barokinya
11 ga Rabi'ul Sani, 1284

Zuwa ga Yaya Haruna.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya jikinka, yaya mutanen gida? Ina gaida Altine, ina gaida Muhammadu. Kwana takwas ke nan da na aiko maka takarda ɗinke cikin fata ta hannun mai kwalekwale, a kan kada Muhammadu ya harba bindigar Armindu domin fashewa take yi. Ban ji komai ba. Na san halinka na nauyin hannu wajen rubutu, da shi nake kwantar wa kaina hankali.

Na je wurin Doto Faustinu. Sau biyu ana ce mini ba ya nan, alhali ina jin tarinsa daga sama. Ran na uku na zauna a kan matakala tun hantsi, na ce ba zan tashi ba, ya ga masu wucewa sun fara tsayawa kallo, sannan ya sa aka shigo da ni.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Yaya, bai musa ba. Da ya musa da na sami abin faɗa. Ya zaunar da ni a kujera, abin da bai taɓa yi ba, ya ce in nuna masa ƙarya guda a cikin abin da ya buga. Ya ce ba ni na faɗi kalmomin nan da bakina ba? Na ce na faɗa, amma a kan bindiga guda, wadda aka naɗo cikin karan-miski. Ya ce to ai gaskiya ya buga, wuri ne kawai ya ƙare. Na ce ya ba ni mujallar, na buɗe masa shafuka ukun nan na Armindu, har da zanen maharbi yana murmushi da barewa a ƙafarsa, na ce ga wuri nan.

Daga nan ya shiga yi mini karatu. Wai ya rubuta labarin ukun duka, har an jera haruffa za a buga, sai Armindu ya ji ya zo da kansa. Wai masu sayen mujalla ba su isa su riƙe ta ba, talla ke riƙe ta. Wai ita kanta takardar da ake bugawa a jirgin Armindu take zuwa. Wai in shafi ukun nan suka tafi mujalla ta mutu, in ta mutu kuma wa zai ƙara gaya wa maharba gaskiya a kan sauran bindigogi? Ka ji fa. Zai ɓoye wadda ke kisa domin ya samu ya ci gaba da faɗin gaskiya a kan waɗanda ba su kashe kowa. Ya ce Armindu ya yi masa alkawari zai ware masu aibi. Na tambaye shi wa zai ware su, da wace guduma, alhali akwati shida suna Kashuwera. Sai tari ya kama shi.

Na tuna masa bara, da na kushe bindigogin wani ɗan ƙaramin mai kanti a Barokinya, ya buga maganata da manyan haruffa, mutumin ya rufe kanti, shi kuma yana ta alfahari cewa mujallarsa ba ta tsoron kowa. A lokacin na ji daɗi, na ɗauka jarumi nake yi wa aiki. Ashe mutumin bai taɓa sa talla ba ne. Shekara biyu ina fesa gaskiya ina jin kaina, ban lura ba duk wanda na kushe aka buga, ba ya cikin masu shafi. Wautata ta fi ba ni haushi a kan muguntarsa.

Da zan fita ya raka ni har ƙofa, ya dafa kafaɗata, ya ce in tuna takardar izinina duk shekara ake sabunta ta, kuma sa hannunsa ke kanta. Ya faɗa da murya mai laushi kamar mai yi mini nasiha. Na ture hannunsa. Gutsuren ƙarfen nan da ya ɗauka a bakin teku kuwa yana kan teburinsa, ya danne takardu da shi don kada iska ta kwashe.

Mutane suna ta zuwa maƙera suna yi mini barka, wai sun saya saboda ni. Duk wanda ya zo ina ƙwace bindigar in kankare masa fenti ya gani. Na kama bakwai masu tsaga. Amma wanda ya zo shi ne na sani, waɗanda ke ƙauyuka fa?

Don Allah ka amsa mini. Wannan ta hannun mai taba na aiko, a buɗe cikin ganye yadda muka saba.

Naka har kullum,
Yahaya


Barokinya
24 ga Rabi'ul Sani, 1284

Yaya,

Ina gaishe ka, in har za ka karɓi gaisuwata. Yaya jikin Muhammadu? Yaya zazzaɓin? Allah ya ba shi lafiya, Allah ya ba ku haƙuri.

Saƙonka ya iso. Mai taba ya ajiye mini ƙunshin a kan uwar maƙera, na kwance. Rabin gindin bindiga, da layata ɗaure a jikinsa da jan zare, gefenta ya ƙone, ɗinkina yana nan yadda na yi shi. Ba ka haɗo da ko layi ɗaya ba. Na gane, kuma ban ga laifinka ba.

Sauran labarin daga bakin mai taba na ji. Ya ce mai kwalekwale ya iso ba ka gari, ka tafi gonakin taba. Ya jira yini guda, ruwa zai janye, sai ya ba Altine, ya ce daga Yahaya, a kan bindigar Muhammadu. Ita kuwa ta ga laya daga hannun baffan yaro, a daidai makon da ya sayi sabuwar bindiga, sai ta yi abin da kowace uwa za ta yi. Ta ɗaura mata, ta yi addu'a. Ya ce Muhammadu har nuna wa abokansa yake yi, wai baffansa ya yabi bindigar a mujalla kuma ya aiko mata da tsari. Ya ce da ka dawo ka karanta takardata ta uku, ka tambayi ta biyu, ka fita da gudu da wannan ƙafar taka, amma a hanya ka gamu da su ɗauke da shi. Bindigar ta fashe, ta tafi da hannun dama daga wuyan hannu, da ido ɗaya.

Ka gaya wa Altine, don girman Allah, kada ta ɗora wa kanta. An ce ba ta ci ba ta sha. Wa ya taɓa farke laya ya karanta? Ni da na ɗinke ta na san haka tun ina yaro. Da na tsaga gefe guda, ko na bar bakin takardar a waje, ko na hau kwalekwalen da kaina. Tsoron 'yan doka ya cika mini kai har na manta da gidan da nake aika ta.

Kuma akwai wanda ya fi wannan. Kwana goma sha tara tsakanin ranar da bindigogin suka fashe a gabana da ranar da Ibrahim ya karanta mini mujalla. Kwana goma sha tara na sani, ban rubuto maka ba. Na ce ai za ku gani a buge, da sunana, kowa ya ga yadda Yahaya ya kama babban ɗan kasuwa. Ni na ce wa yaron ya jira maganata a mujalla, ya saya da ido rufe. Ya yi biyayya.

Ban farke layar ba. Na san abin da ke ciki.

Amma kada ka ɗauka kuka kaɗai nake yi. Tun da ƙunshin nan ya iso wuta ke cina. Jiya na ga Armindu a kan kujerar da ake ɗauka, mutum biyu na haki da shi a kan tudu, yana cin lemo yana jefar da ɓawo. Guduma na hannuna. Ibrahim ne ya riƙe ni ta baya, ya ce in na taɓa shi kafin magariba za a rataye ni, kuma bindigogin su ci gaba da sayuwa. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushinsa.

Zan aiko da man da ake shafa wa ƙuna da ƙyalle mai tsabta. Ka karɓa saboda yaron, ba saboda ni ba.

Ƙaninka mai laifi,
Yahaya


Komarsiyo, bakin ruwa
15 ga Jimada Sani, 1284

Zuwa ga Yaya Haruna.

Sallama da gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na ji daga mai taba cewa zazzaɓi ya saki Muhammadu, har yana fita ƙofar gida, na yi wa Allah godiya. Ina gaida Altine, ina gaida matarsa da jaririya. Har yau ban sami amsarka ba, ban kuma fasa rubutu ba. Wannan a buɗe take, duk ɗan dokan da ya ga dama ya kama.

Bayan takardata ta ƙarshe na koma wurin Doto Faustinu da gindin bindigar, na ajiye masa a tebur. Idonsa ya kawo ruwa, ya ce zai yi gyara a fitowa ta gaba. Na yarda, ka ji ni da wauta. Da ta fito Ibrahim ya ƙi karanta mini sai da na rantse ba zan fita da guduma ba. Layi biyar ne a ƙasan shafi na bakwai. Wai wani baƙin maharbi a Kashuwera ya ji rauni saboda jahilci, ya cika wa bindiga albarushi fiye da kima, don haka ana jan kunnen masu bayi su kula. Muhammadu, ɗa haifaffe cikin 'yanci, wanda ni na koya masa awon albarushi. Ko sunansa ba su sa ba. Tallan Armindu kuwa ya zama shafi huɗu.

Na ce to, tunda sai mai talla ake ji, ni ma zan sa talla. Na ɗauki abin da nake da shi na je na ce a sayar mini da wuri ko faɗin tafin hannu ne, a rubuta cewa Yahaya maƙeri ya janye maganarsa. Doto bai fito ba, ya aiko a ce mini mujalla ba ta karɓar tallan da zai ɓata wa wani mai talla. Kwana uku bayan nan 'yan doka suka zo maƙera suka karɓe takardar izinina, suka kwashe albarushin da ya rage.

Sai na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na zuba fasassun ƙarafan a kwando, na sauka ƙasan gari wurin 'yan dako, na zazzage su a gaban Ɗanbaba. Ka tuna shi, mutumin Katsina mai tabo a goshi, yanzu shi ne shugaban masu ɗaukar kaya a mashigar kwastan. Ya juya gindin bindigar, ya ga layar, na ba shi labari. Nan take ya kira shugabannin Yarabawa. Washegari ba wanda ya taɓa akwatin Armindu. Kuma ka san ba su hawa tudu da kaya sai da waƙa. Suka sa bindigar a waƙa, da Yarabanci, da Hausa, da harshen Turawan, cewa tana cin hannun mai ita. Safe da yamma tana hawa tudu tana sauka, ta ƙarƙashin tagar Doto. Cikin mako uku ko mai gadi ba ya karɓar bindigar Armindu kyauta. Waɗanda ke Kashuwera ma an ce an dawo da su.

Na yi murna kwana biyu. Ran na uku Ɗanbaba ya zo maƙera da kansa ya ce Armindu ya sa bayinsa suna mayar da akwatunan cikin jirgi. Jirgin Ikko ne, Yaya, can bakin tekun ƙasar Yarabawa. Ya ga ba su sayuwa a nan, zai kai su gida. Kuma a kan murfin kowane akwati an manna shafin nan na mujalla mai sunana. Ka san Ikko cike take da mutanenmu da suka koma, suna karanta rubutun Turawa, da yawansu ni na yi musu aikin ƙira. Su za su saya, su sayar wa fatake, fatake su yi arewa da su. Ni da waƙata na kore su daga Bahiya na tura su ƙofar gidan ubana.

Na sayar da zuga-zugi da uwar maƙera. Ƙaramar gudumar kaɗai na riƙe, da kwandon ƙarafa, da gindin bindigar Muhammadu. An ba ni takardar fita, kuma an gaya mini ɗan Afirka in ya fita ba ya dawowa. Shekara arba'in da biyu ina cewa ko gawata ba za a sa a jirgin teku ba, yau ga ni zaune a kan ƙunshina ina kallonsa. Ibrahim ya ce na haukace, tsoho da ciwon baya, ba wanda zai saurare ni. Mai yiwuwa ne. Jiya na ga Doto a bakin ruwa, ya hango ni ya tsallaka titi.

Ba zan sake ganinka ba, kuma na so in ji muryarka ko da zagi ne. In ka yafe, ka gaya wa mai taba, akwai masu zuwa Ikko duk bayan wata uku. In ba ka yafe ba, ka bar Muhammadu ya san dai cewa baffansa bai taɓa ɗora bindigar nan a kafaɗarsa ba.

Na tsaya na ƙirga da idona ana lodi, akwati arba'in da ɗaya, kowane da bindiga ashirin. Na tambayi wani matuƙi yadda ake yi in an isa, ya ce mutane ake fara saukewa, kaya sai bayan kwana biyu ko uku. Kwana biyu sun ishe ni in zaga kasuwa.

Gobe da hantsi za mu tashi. Na bar ku a hannun Allah, kai da Altine da yaran.

Ƙaninka,
Yahaya maƙeri